Shin Turawa ma sun yi basasar gado irin ta Yusufawa da Tukurawa?

Mai Caji, Takai:

Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a rumfata jiya bayan La'asar, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da masani. Sana'ata cajin waya da sayar da kati a wani ƙauye kusa da Takai, kun kuwa san rumfa irin tawa ba ta rabuwa da 'yan hira. Wani abokinmu mai sarin riɗi ne ya ce shi abin da ke burge shi da Turawa, sarautarsu ba ta da rigima: sarki ya mutu ɗan fari ya hau, ba kotu, ba 'yan sanda a ƙofar fada. Hujjarsa sarauniyar Danmak da ta sauka da kanta a Janairun 2024 ta miƙa wa ɗanta, ba wanda ya ko yi tari. Ya ce mu kuwa tun kaka da kakanni abu ɗaya muke ta yi, ga Takai ɗin nan ma sansanin Yusufawa ce.

Ni kuma na tuna lokacin da aka ba da labarin a rediyo an ce rabon da wani sarkin ƙasar ya ajiye sarauta da kansa tun 1146. Na ce to shi wancan me ya kore shi? Ai ba a barin karaga haka siddan. Wane gida ne ke sarautar Danmak a lokacin, kuma da gaske tun fil azal ɗan fari suke naɗawa?

Tsohon Malamin Tarihi, Garko:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaya wa mai riɗi tuwo ya tarar a kwano, bai ga daka ba.

Gidan da kake tambaya shi ake kira gidan Estridsen, ya riƙe Danmak daga 1047 har 1412. Wanda ya kafa shi sunansa Suwen. Uwarsa Estrid 'yar'uwar Kanut Babba ce, sarkin nan da ya haɗa Ingila da Danmak da Norwe a hannunsa. Uban Suwen kuwa, Ulf, babban basarake ne amma ba ɗan sarkin Danmak ba, kuma Kanut ɗin ne ya sa aka kashe shi duk da yana auren 'yar'uwarsa. Don haka ta wajen uwa Suwen ya nemi gado, bai kuma zauna daram ba sai da ya sha yaƙi da sarakunan Norwe biyu, Magnus da Harald, har aka yi sulhu a 1064.

Abin da ya shafi gardamarku 'ya'ya ne. Suwen ya haifi 'ya'ya wajen ashirin, kusan dukkansu ba ta auren coci ba, a al'adarsu ta lokacin kuma wannan ba ya hana ɗa gadon sarauta. Ba ruwansu da ɗan fari. Manyan ƙasa ke taruwa a fili, irin dandalin Viborg, su ɗaga wanda suka yarda da shi cikin masu jinin sarauta. Da Suwen ya rasu, 'ya'yansa biyar suka yi sarauta bi da bi: Harald, Kanut, Olaf, Erik, sai Nils.

Harald bai jima ba. Kanut shi ne mai zafin hannu. Ya matsa wa talakawa da haraji da tara, sannan a 1085 ya tara jiragen ruwa zai je ya ƙwato Ingila. Rundunar ta yi ta zaman jira ba a tashi ba, yawancinsu kuma manoma ne, hankalinsu yana gona, suka watse. Ya ci su tara, su kuma a 1086 suka yi masa bore daga arewacin Jutland, suka bi shi har garin Odense suka kashe shi a cikin coci tare da ɗan'uwansa Benedikt da mutanensa 17. Olaf ya hau, shekarunsa suka zo da fari da yunwa, malaman coci suka ce alhakin Kanut ne ke bin ƙasa. Erik, da yake mai wayo ne, ya riƙe wannan magana ya nemi Paparoma ya mai da Kanut waliyyi, aka kuwa yi a 1101. Gida ya samu waliyyi nasa na kansa, wanda ba ƙaramin jari ba ne a siyasar wancan zamani. Erik ya rasu a tsibirin Kubrus a 1103 yana kan hanyar ziyarar Birnin Ƙudus. Nils ya hau a 1104 ya shekara 30.

A duk tsawon wannan lokaci akwai 'yan ubanci, kar a ce babu. Kanut ma ya taɓa kama Olaf ya tura shi ƙasar Flanders a tsare. Amma ƙasar ba ta rabu gida biyu a kan wane ne zai hau ba, domin kowane ɗan Suwen yana ganin in ya yi haƙuri layi zai iso kansa. Inda wutar take kamawa shi ne kan jikoki. Ranar da 'ya'yan suka ƙare, sai ka waiga ka ga samari da dama, kowanne ubansa ya yi sarki, ba wanda zai ce wa wani kauce.

Kai da kake Takai ai ba sai an yi maka dogon bayani ba. Sarki Ibrahim Dabo ya rasu 1846, 'ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, da Bello, shekara kusan hamsin ba a zare takobi a kan gadon Kano ba. Bello na rasuwa a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi suka ce ina, suka bi Yusufu suka fice zuwa garinku. Yusufu a nan Garko ya rasu, ɗan'uwansa Alu ya karɓi ragama ya ci birni a 1894, labarin Tukur ya ƙare bayan yaƙin Tafashiya a 1895. Shekarun da na yi ina koyar da wannan a aji, yara kan tambaye ni wa ke da gaskiya, ni kuwa in ce musu su fara zana bishiyar gidan tukuna, su ga ko akwai yadda za a yi a kauce wa karo.

Na Danmak ya fi namu muni, ya kuma fi daɗewa. Nils yana da ɗa Magnus. Marigayi Erik kuma ya bar ɗa mai farin jini, Kanut Lavard, wanda aka ba riƙon Schleswig a kan iyakar Jamus, yana da abokai cikin sarakunan Jamus, yana da dukiya, mutanen gari na sonsa. Magnus ya duba ya ga in tsohon ya faɗi ba shi za a ɗaga ba. Ranar 7 ga Janairun 1131 ya gayyaci ɗan baffan nasa ganawa a wani daji kusa da Ringsted ya kashe shi. Mako guda bayan nan matar mamacin, Ingeborg, 'yar gidan sarautar Kiyef, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Baldemar. Ka riƙe sunan nan.

Wani ɗan Erik ɗin, shi ma sunansa Erik, ya tashi ɗaukar fansar ɗan'uwansa. A 1134 aka gwabza a Fotevik, ya zo da mahaya dawakai 'yan haya daga Jamus, Magnus ya faɗi, bishop-bishop da dama suka faɗi tare da shi. Tsoho Nils ya gudu, ƙaddara ta kai shi Schleswig, garin wanda ɗansa ya kashe, mutanen gari suka rufe ƙofa suka gama da shi. Erik na biyu ya hau, bai tsaya nan ba, ya sa aka sare kan yayansa Harald aka kashe yawancin 'ya'yan Harald ɗin maza. Shi ma a 1137 wani basarake ya soke shi a wajen taron shari'a.

Sai wanda ka tambaya, Erik na uku, jikan Erik na farko ta wajen uwa. Shi ne ya sauka a 1146, ya shiga gidan ibadar fada-fada a Odense, a shekarar ya rasu. Ba shi da lafiya, shekarunsa na farko kuma ya ƙare su yana yaƙi da Olaf, ɗan Harald ɗin nan da ya tsira daga yankan. Ka ga ke nan ba saukar jin daɗi ba ce irin ta 2024.

Yana sauka aka samu sarakuna biyu a lokaci guda, Suwen ɗan Erik na biyu da Kanut ɗan Magnus, daga baya Baldemar ya zama na uku. Shekara goma sha ɗaya ana abu ɗaya. A 1157 suka gaji suka raba ƙasar uku: Baldemar ya ɗauki Jutland, Kanut tsibirai, Suwen yankin Skane. Aka shirya walimar sulhu a Roskilde cikin watan Agusta, ana cikin ci da sha da dare mutanen Suwen suka afka musu. Kanut ya mutu nan take. Baldemar ya tsere da rauni a cinya ya haye Jutland ya tara runduna, ranar 23 ga Oktoba suka haɗu a filin Grathe, Suwen ya sha kashi aka kashe shi yana gudu. Daga kisan daji zuwa wannan rana shekara 26 ke nan. Tamu ta Kano ko shekara biyu ba ta cika ba.

Hannuna ya gaji, wayar ma jikata ce take ara mini nata gilashin in gani. In da sauran tambaya sai anjima.

Mai Caji, Takai:

Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta wa 'yan rumfa da ƙarfi, mai riɗi ya ce shi dai har yanzu bai ji inda aka ce ba su gyara ba. Ya ce a tambayi Malam yaushe suka daina.

Ɗan Birnin Kudu:

Baba, da girmamawa, akwai inda kwatancen bai zauna mini ba. A Kano ba jikokin Dabo ne suka zaɓi Tukur ba, ba kuma masu zaɓen sarki ba. Daga Sakkwato umarni ya zo, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce Tukur yake so, Waziri Buhari da ke Kano lokacin ya naɗa shi ba don ransa ya so ba. Kafin nan kuma Bello ya shekara yana tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautunsu yana ɗora nasa, har ya kai Tukur Galadima. Wato akwai hannun na sama, akwai kuma uban da ya share wa ɗansa hanya da ƙarfi. Da an naɗa Yusufu, mai yiwuwa da ba a yi basasa ba ko jikoki sun kai ɗari. Su Danmak wa ke samansu da zai aiko da takarda?

Na biyu, maganar 'ya'yan Suwen da kuka ce ba ta aure aka haife su ba. Kada wani ya karanta ya ɗauka daidai suke da 'ya'yan ƙwaraƙwarai a gidajen sarautarmu na da. A shari'armu ɗan ƙwarƙwara ɗan halak ne, gadonsa ɗaya da ɗan matar aure, ba wanda ke da bakin magana. Su kuwa coci ba ta yarda da wannan ba, al'ada ce kawai ta rinjaye ta na wani lokaci.

Malama 'Yar Ringim:

Ni abin da ya tsaya mini, Malam ya jero maza tun daga sama har ƙasa, alhali gidan da sunan mace ya fara, da mace kuma ya ƙare. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, in na kawo labarin nan aji nan ne kawai suke ajiye surutu.

Estrid ba suna kawai ta ba gidan ba. Bayan kashe mijinta ta mallaki filaye masu yawa, ita ta gina cocin dutse a Roskilde lokacin da sauran na katako ne. Shi kansa Alu da Malam ya ambata, ai uwarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, kuma ba na jin wannan bai shiga lissafin Yusufawa ba ranar da suka rasa Yusufu suna neman wanda Sakkwato za ta iya haɗiyewa.

'Ya'ya matan gidan kuwa kayan ƙulla zumunci ne, wasu sun sha wuya. Wata Ingeborg, 'yar Baldemar ɗin nan da ya ci yaƙin Grathe, an kai ta Faransa a 1193 ta auri sarki Filib, washegarin ɗaurin aure ya ce ba ya yi. Ta ƙi komawa gida, ta ƙi yarda an raba auren, aka yi ta tsare ta daga wannan gida zuwa wancan shekara 20, Paparoma na ta matsa masa, sai 1213 ya mai da ita matsayinta.

Amma babbar ita ce Margareta, 'yar Baldemar na huɗu. An haife ta 1353, aka aurar da ita ga sarkin Norwe Hakon tana da shekara 10. Da ubanta ya rasu a 1375 ba ɗa namiji a raye, ta shiga ta fita har manyan Danmak suka zaɓi ɗanta Olaf, yaro ɗan shekara biyar, suka tsallake ɗan yayarta wanda a lissafin ɗan fari shi ke gaba. Mijinta ya rasu 1380 yaron ya gaji Norwe, yaron ya rasu 1387, sai ƙasashen biyu suka ce ita dai ta ci gaba da riƙo. Manyan Suwidin da suka gaji da sarkinsu Albert suka kira ta, rundunarta ta kama shi a 1389. A 1397 a garin Kalmar ta haɗa ƙasashen uku ƙarƙashin sarki ɗaya, jikan yayarta da ta ɗauko daga Pomeraniya ta raina, amma kowa ya san wa ke da wuƙa da nama har ta rasu a 1412. Duk mazan da suka yi ta yanka juna a kan Danmak kaɗai, ba wanda ya riƙe abin da ta riƙe.

Tsohon Malamin Tarihi, Garko:

Malama, na gode da kika ɗauke mini wannan, kin fi ni iya ba da shi.

Ɗan Birnin Kudu, maganarka ta biyu haka take. Ta farkon ce zan ja da kai kaɗan. Su ma suna da na sama: sarkin daular Jamus. Magnus sai da ya yi wa sarkin Jamus Lothar mubaya'a, a 1152 kuma Fardarik Barbarossa ya kira masu rigimar gabansa a Merseburg ya ba Suwen sarauta. Hukuncinsa bai kashe wutar ba, kamar yadda takardar Sakkwato ba ta kashe ta Kano ba. Abin da Bello ya yi wa Tukur kuwa, ai shi ne abin da nake faɗi: duk sarkin ƙarshe cikin 'yan'uwa yana gani da idonsa cewa layi ya ƙare a kansa, dole ya fara tunanin ɗansa. Da an naɗa Yusufu, da Tukur da ke riƙe da Galadima da bayin ubansa zai zauna ya naɗe hannu? Ni ban yarda ba.

Sai tambayar mai riɗi. Baldemar, maraya ne da ya tashi a gidan wani basarake Asser Rig na zuriyar Hvide, tare da 'ya'yansa biyu, Esbern da Absalon. Wannan gida shi ya zama ƙashin bayan sarautarsa. Absalon ya zama bishop ɗin Roskilde a 1158, bishop ne mai jan runduna, shi ya gina ganuwar da birnin Kopenhagen ya taso a gindinta, daga baya ya zama shugaban cocin yankin duka a Lund. Shi da Baldemar suka yi dabara a 1170 a Ringsted: rana ɗaya aka ɗaukaka uban Baldemar, wanda aka kashe a daji, a matsayin waliyyi, aka kuma sa wa ɗan Baldemar, Kanut, kambi yana ɗan shekara bakwai, uban na raye. Manufar a fili take, reshe ɗaya ne mai albarka, magaji kuma an riga an shafa masa mai kafin wani ya buɗe baki. Ta yi aiki: Kanut ya hau 1182, ƙanensa Baldemar na biyu ya gaje shi 1202 don bai bar ɗa ba, ƙasar ta bunƙasa har ta ci arewacin Estoniya a 1219.

Amma ka gaya wa mai riɗi kar ya yi saurin tafi. Baldemar na biyu ya rasu 1241 ya bar 'ya'ya uku daga mace ɗaya, ya ba Erik karaga, ya ba Abel Schleswig, wato ya ba ƙane ƙasa da runduna a bakin iyaka. Erik ya ɗora haraji a kan kowace garma, manoman Skane suka yi masa bore, ku manoma kun san yadda wannan zai yi daɗi. A 1250 ya sauka baƙunci wurin Abel, aka sa shi a kwale-kwale aka sare kansa aka jefa gawar a ruwa. Abel ya kawo manyan mutane 24 suka rantse ba hannunsa, aka naɗa shi, bai cika shekara biyu ba mutanen Frisiya suka kashe shi, shi ma a kan haraji. Aka tsallake 'ya'yansa aka ba ƙanen Abel, Kiristofa, jikokin Abel suka zauna a Schleswig suna hararar karaga fiye da shekara ɗari. Ɗan Kiristofa, Erik na biyar, manya suka tilasta masa sa hannu a takardar taƙaita ikonsa a 1282, a 1286 aka same shi a wani rumbun ƙauye a Finderup an sossoke shi. Daga 1332 zuwa 1340 ma ƙasar ba ta da sarki sam, an jinginar da ita yanki-yanki ga masu ba da bashi na Holstein a arewacin Jamus.

Gadon ɗan fari a matsayin doka bai zo Danmak ba sai da aka mai da sarautar ta gado a 1660 aka rubuta dokarta a 1665, a zamanin Fardarik na uku, daga wani gida dabam, gidan Oldenburg. Mace kuwa ba ta samu damar hawa a tsarin yanzu ba sai da aka gyara doka a 1953, ita ce ta ba wannan sarauniya da ta sauka hanya a 1972, a kan ƙanen ubanta da aka riga aka ɗauka shi ne magaji.

Ɗan Birnin Kudu:

Baba, shi ƙanen uban nata da aka tsallake, ya bar 'ya'ya maza?

Tsohon Malamin Tarihi, Garko:

Ya bar biyu. Dukkansu sun auri 'ya'yan talakawa ba da amincewar fada ba, suka fita daga layin gado, aka ba su sarautar Rosenborg suka zauna.